Alhaji Da Ƙarfe Mai Lamba Biyu

Akwai wani dattijo a Ikko, asalinsa mutumin Jos ne, wanda ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati a tashar jiragen ruwa kafin ya huta. Yanzu shekarunsa na haihuwa sun doshi 70. Kowace Asabar, da zarar ya idar da sallar asuba ya ɗan karya kumallo, sai a ɗora masa jakar sanduna a bayan mota, ya nufi filin wasan golf, watau wasan nan da waɗansu ke kira ƙwallon lambu. Abokan wasansa uku ne, Yarabawa biyu da ɗan ƙabilar Ibo ɗaya, dukkansu tsofaffin ma'aikata irinsa. Alhaji kawai ake kiransa a filin, kuma babba da yaro sun san shi da abu guda, wani tsohon ƙarfe mai lamba 2 wanda ya girmi duk yaran da ke ɗaukar jaka a wurin, ya kuma girmi iyayen waɗansunsu.

Domin mai karatu wanda bai saba da wasan ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Fili yana da rami 18, kowane rami da nisansa, kuma wanda ya zagaye su duka da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Sandunan da ake bugu da su iri iri ne. Akwai waɗanda ake kira na katako, masu ƙaton kai, domin a da can da itace ake sassaƙa kawunansu, ko da yake yau da ƙarfe ake yin su. Akwai kuma ƙarafa masu siririn kai, waɗanda aka jera daga lamba 1 zuwa lamba 9. Gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon tsawon ƙota da miƙewar fuskar ƙarfen. Mai lamba 9 fuskarsa a kwance take, yana cilla ƙwallo sama ta sauka kusa. Daga lamba 1 zuwa 4 kuwa, su ne dogayen ƙarafa, masu kai ƙwallo nesa a ƙasa ƙasa, kuma duk duniya an yarda su ne mafi wuyar sarrafawa a cikin jaka. Bugu da ƙari, doka ta hana ɗan wasa ɗaukar sanda fiye da 14. Amurka ta kafa wannan doka a shekarar 1938, Ingila ta bi baya a 1939. Saboda haka duk sabuwar sandar da za ta shiga cikakkiyar jaka, tilas wata ta fita ta ba ta wuri.

Alhaji bai gaji wasan nan daga gidan masu hali ba. Yana ɗan shekara 12 ya fara zuwa filin Rayfield na Jos, wanda Turawan haƙar kuza suka kafa tun 1913, yana ɗaukar musu jaka ana ba shi sule ko sisi. A irin filayen nan na Arewa a wancan zamani, farfajiyar rami ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka gauraya da baƙin mai, ana share shi a daidaita kafin a gangara ƙwallo. Shi da sauran yara sukan lanƙwasa guntun rodi su yi sanda, su yi ta bugun tsofaffin ƙwallaye a bayan gari har magariba. Akwai wani Bature injiniya da ya lura da yadda yaron ke juya jiki. Da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta fito a 1972, Turawa suka fara haɗa kaya, sai Baturen nan ya zare ƙarfe mai lamba 2 daga jakarsa ya miƙa masa. Ya ce masa shi kam ƙarfen ya fi ƙarfinsa, amma yana ganin yaron zai iya da shi.

Ya kuwa iya. Lokacin da ya sauko Ikko neman aiki a 1978, da ƙarfen ya zo a naɗe cikin tabarma. A shekarar ce ya tsaya cikin 'yan kallo a Ikoyi, ya ga wani saurayi mai suna Sandy Lyle ya cinye babbar gasar Nijeriya, kuma wannan Lyle ɗin ne daga baya ya ci babbar gasar Ingila a 1985. Bayan shekara goma ya sake tsayawa ya ga Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, ya ɗauki kofin. A zamanin nan ana gane gwani ne ta yadda yake bugun dogon ƙarfe. A ɗakin baƙinsa har yau akwai hoton Ben Hogan na Amurka, wanda aka ɗauka a filin Merion a 1950, ya juya baya bayan ya saki ƙwallo da ƙarfe mai lamba 1 zuwa ramin ƙarshe. Wata 16 kafin wannan rana motar Hogan ta yi karo da bas, har aka ɗauka ba zai sake tafiya da ƙafarsa ba, amma ya tashi ya ci gasar. Duk baƙon da ya tambaya, Alhaji yakan ba shi labarin daga farko har ƙarshe, ko baƙon ya san golf ko bai sani ba.

A filin da suke wasa akwai wani rami mai nisan yadi 185, da kududdufi shimfiɗe a gabansa. Wanda zai tsallake ruwan sai ƙwallonsa ta yi tafiyar yadi 165 a sama ba ta taɓa ƙasa ba. Shekara da shekaru Alhaji ba ya ko duban ruwan nan. Yakan miƙa hannu, yaro ya sa masa mai lamba 2, ya buga, ƙwallo ta tafi kamar an ja zare ta sauka can gaba. Amma tun daminar bara abin ya soma canzawa. Ran nan ta faɗa bakin ruwa, aka ce tsautsayi ne. Asabar ta gaba ta faɗa tsakiya. Kafin wata uku, abokansa sun daina yi masa ba'a, kuma wannan shirun nasu ya fi ba'ar yi masa ciwo.

Da farko ya ɗora laifin a kan iskar Ikko. Ya ce a Jos, inda ƙasa ta ɗaga sama da teku da wajen mita 1,200, iska ba ta da kauri, ƙwallo takan yi nisa fiye da nan bakin teku. Wannan magana gaskiya ce, sai dai ai a iskar Ikkon ya yi shekara 40 yana tsallake ruwan. Ya koma ya ce robar mariƙi ce ta sulɓe, aka sake masa sabuwa. Ya ce ƙwallayen zamani ne ba su da kirki. Abin da bai faɗa ba shi ne abin da kafaɗarsa da ƙugunsa suke gaya masa kowace safiya in zai tashi daga kan buzu. Jiki magayi, in ji masu iya magana.

Ana cikin haka 'yarsa ta biyu, wadda ke aikin likita a Ingila, ta zo hutu da tsaraba. Cikin tsarabar akwai wata sanda mai ɗan dunƙulallen kai, ba ta kai ta katako girma ba, ta kuma fi ƙarfe kauri. Turawa suna kiranta haibirid, watau ruwa-biyu, domin ta ɗebo daga ƙarfe ta ɗebo daga katako. Ta durƙusa ta ajiye masa, ta ce, "Baba, an ce wannan ta fi sauƙi ga manya." Alhaji ya juya sandar a hannu, ya yi godiya kamar yadda ya kamata, ya sa mata albarka. Da ta fita sai ya ce wa Hajiya, "Kin ga abin da aka kawo mini? Jemage ke nan, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Sandar gajiyayyu." Ya tura ta bayan kabad da ledarta, kalmar nan ta "manya" kuwa ta kwana tana yi masa yawo a ka.

To, mene ne ainihin bambancin sandunan nan biyu? Dogon ƙarfe kansa siriri ne, nauyinsa yana daf da fuska, kuma fuskar ba ta kwanta sosai ba. Mai lamba 2 na zamanin da kwanciyar fuskarsa wajen digiri 20 ce kacal. Irin wannan fuska ba ta ɗaga ƙwallo da kanta, sai mai bugu ya kawo kan sandar da gudu mai yawa, ya kuma sami ƙwallon daidai tsakiyar fuskar, wurin da bai fi faɗin kwabo ba. In gudun ya ragu ko da kaɗan ne, ƙwallo ba za ta hau sama yadda ya kamata ba, sai ta yi ƙasa tun ba ta kai ba. Wani sanannen maƙerin sanduna na Amurka, Tom Wishon, ya daɗe yana faɗin wata ƙa'ida da ake kira 24 da 38. Ma'anarta ita ce, yawancin masu wasa ba za su iya sarrafa ƙarfen da kwanciyar fuskarsa ta gaza digiri 24, tsawonsa kuma ya wuce inci 38 ba. Mai lamba 2 na Alhaji ya karya ƙa'idar ta kowane gefe.

Ita kuwa ruwa-biyu, cikin kanta rami ne, gindinta mai faɗi, an tura nauyinta ƙasa da baya. Wannan shi ke sa ko da kwanciyar fuskarta daidai take da ta ƙarfen, ita takan ɗaga ƙwallo sama cikin sauƙi, ƙwallon ta daɗe tana tafiya, ta sauko a tsaye ta tsaya kusa da inda ta faɗa. In an kuskure tsakiyar fuska, hasarar ba ta kai ta ƙarfe ba. In kuma ƙwallo ta shige cikin ciyawa mai kauri irin ta damina, faffaɗan gindin yakan sulale ta ciki, alhali kuwa siririn ƙarfe sai ciyawa ta shaƙe shi ta murɗe fuskarsa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Cobra ya fito da wata mai suna Baffler tun 1975, amma sai da TaylorMade ya yaɗa tasa mai suna Rescue a farkon shekarun 2000 sa'an nan abin ya game duniya. Yau yawancin jerin ƙarafan da ake sayarwa daga lamba 4 ko 5 suke farawa, mai lamba 1 da mai lamba 2 sun zama sai an nema.

Alhaji ya san duk wannan, domin yana karatu yana kuma kallon talabijin. Abin da ya hana shi ba rashin sani ba ne. A ganinsa, ranar da ya cire ƙarfen nan daga jaka, ranar ce ya sa hannu a takardar tsufa a gaban jama'a. Har ya kai ga gaya wa Hajiya cewa yana tunanin barin wasan gaba ɗaya, da a riƙa kallonsa da sandar gajiyayyu gara ya zauna a gida da mutuncinsa. Hajiya ta tuna masa da maganar likitansa, wanda ya ce tafiyar nan ta kilomita 7 zuwa 8 da yake yi kowane mako tana cikin abin da ke riƙe masa hawan jini da sukari. Ta ce, "Alhaji, in ka zauna, da wa za ka yi hira ranar Asabar? Da ni da ka gama ba ni labarin Hogan sau ɗari?" Ya yi dariya, amma Asabar biyu a jere bai fita ba.

A ta uku abokansa suka matsa masa da waya, ya fita. Yaron da ke ɗaukar masa jaka, ɗan Hausawan Agege ne mai shekara 19, sai ga shi yana ɗingishi, ƙafarsa ɗaure da tsumma cikin silifa. Alhaji ya tambaye shi abin da ya same shi. Yaro ya sunkuyar da kai ya ce ba kome. Sai da ya matsa masa sa'an nan ya ce, "Baba, kwalba ce ta yanke ni a kududdufi." Ashe duk ranar da ƙwallon Alhaji ta faɗa ruwa, bayan an tashi yaron yakan koma ya tuɓe ya shiga laka yana lalube da ƙafa, ya wanke abin da ya samu ya mayar cikin jaka, domin kada Baba ya ƙirga ya ga yawan abin da ya yi hasara. Alhaji ya daɗe yana mamakin yadda ƙwallayensa ba sa ƙarewa, bai taɓa tambaya ba.

Ya tsaya shiru. Shi ma ya taɓa shiga rafi a Jos da sanyin hunturu saboda ƙwallon wani, ya san yadda laka take a tsakanin yatsu. Ya ce wa yaron, "Kai da kake gani daga baya, gaya mini gaskiya. Me ke faruwa da bugun nan nawa?" Yaro ya yi jim, ya ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara. Bugunka bai lalace ba, har yanzu a miƙe take tafiya. Tashi ne ba ta yi. Da can nakan ɗaga kai in bi ta da kallo, yanzu ba sai na ɗaga ba." Alhaji ya ce, "Watau na tsufa ke nan." Yaro ya ce, "Ni ban ce ba, Baba. Ƙarfen ne yake neman abin da ya saba samu."

A ranar, da suka iso ramin kududdufi, Alhaji ya karɓi mai lamba 7 ya ajiye ƙwallo a gaban ruwa, ya tsallake a bugu na biyu. Ba wanda ya ce uffan. Da aka tashi ya sa direba ya kai yaron asibiti aka wanke ciwon aka yi masa allura. Da dare kuma Hajiya ta ji motsi a bayan kabad, ta yi kamar ba ta ji ba.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka bai kai sabuwar sandar gaban abokansa nan da nan ba. Ranar Talata da Alhamis yakan je wurin gwaji shi da yaron, lokacin da ba kowa. Da farko ya sha wuya, domin yana share ƙwallon ne kamar yadda ake yi da sandar katako. Yaron ne ya nuna masa cewa a buga ta kamar ƙarfe, a sauko mata daga sama kaɗan, a bar kan sandar ya yi aikin ɗagawa. Suka yi bugu goma da tsohon ƙarfe, goma da ruwa-biyu, yaro yana auna inda kowace ta fara taɓa ƙasa da taku. Na ƙarfen, biyu ne suka yi kyau ƙwarai, har ɗaya ta gangara ta wuce duk sauran, amma takwas sun watse. Na ruwa-biyu kuwa bakwai sun sauka kusa da juna, kuma dukkansu sun wuce yadi 165 a sama. Nan Alhaji ya gane kuskuren lissafin da ya daɗe yana yi. Yana auna kansa ne da bugunsa mafi kyau, alhali wasa da bugun yau da kullum ake cinsa.

A wurin gwajin ne kuma yaron ya tuna masa da abin da shi kansa ya gani a talabijin ya manta da gangan. A 2004, a filin Royal Troon na ƙasar Sikotilan, wani Ba'amurke da ba a san shi sosai ba, Todd Hamilton, ya kayar da Ernie Els ya ci babbar gasar Ingila, kuma da ruwa-biyu ya gangaro da ƙwallo daga wajen farfajiya har bakin ramin ƙarshe. A 2009 kuma, a Hazeltine ta Amurka, Y. E. Yang na Koriya ta Kudu ya ɗaga ƙwallo da ruwa-biyu daga nisan fiye da yadi 200, ta haye bishiya ta sauka kusa da tuta, ya doke Tiger Woods, wanda kafin ranar bai taɓa shiga zagayen ƙarshe na babbar gasa yana kan gaba ya faɗi ba. Yang ɗin nan yana ɗan shekara 19 ya fara, yana aikin tsintar ƙwallaye a wurin gwaji. Ba wanda ya kira waɗannan mutane gajiyayyu.

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka dogon ƙarfe ya gama amfani, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ƙwallon da ta hau sama sosai abincin iska ce, kuma ga mai ƙarfin hannu ruwa-biyu takan so karkata hagu in shi na-dama ne. Inda ƙasa ta bushe ta yi tauri, iska kuma tana kaɗawa, ƙwallon da ta tafi ƙasa ƙasa tana gangarawa ta fi aminci. A 2006, lokacin da zafi ya ƙone ciyawar filin Hoylake na Ingila, Tiger Woods ya ci gasar kwana huɗu sau ɗaya tak ya taɓa babbar sandarsa ta katako, sauran yawanci da ƙarafa ya riƙa fita. Wanda ya taɓa wasa a Kano ko Kaduna ko Jos da hunturu ya san irin wannan ƙasa. Saboda haka abin dubawa uku ne, gudun hannun mai bugu a yau, irin ƙasar da yake wasa a kai, da abin da ke tsakaninsa da rami. Mai sauran gudu a busasshiyar ƙasa ya riƙe ƙarfensa. Wanda gudunsa ya ragu, ga ciyawa mai laima, ga ruwa a gaba, ya san abin da ya kamace shi.

Saura dokar sanda 14. Jakar Alhaji cike take, tilas ɗaya ta fita. Ranar Asabar da ya yanke shawara, kafin abokansa su iso, ya zare mai lamba 2 ya miƙa wa yaron ya ce ya buga ya gani. Yaro ya yi nauyin karɓa, Alhaji ya ce umarni ne. Ya gyara tsayuwa a kan ƙafar da ta warke, ya saki. Ƙarar da ƙarfen ya yi, Alhaji ya yi shekaru bai ji irinta ba. Ƙwallo ta fita ƙasa ƙasa, can ta ɗaga, ta wuce alamar yadi 200 tana gudu. Ya ce, "Sake." Yaro ya sake, ta bi sawun ta farko.

Alhaji ya ce, "Riƙe shi. Wanda ya ba ni ya ce ya fi ƙarfinsa, na ɗauka tawali'u ne irin na manya. Sai yau na gane gaskiya ya faɗa." Yaro ya durƙusa yana godiya, Alhaji ya katse shi da sharaɗi biyu. Na farko, kada ya sake shiga kududdufi saboda ƙwallon kowa. Na biyu, in Allah ya kai su hunturu za su je Jos tare, kuma a can zai ara masa ƙarfen na kwana ɗaya.

Da suka iso ramin kududdufi a ranar, ya miƙa hannu, yaro ya sa masa ruwa-biyu. Ɗaya daga cikin Yarabawan ya buɗe baki zai yi magana, ɗan'uwansa ya taka masa ƙafa. Alhaji ya buga. Ƙwallo ta tashi sama fiye da yadda idonsa ya saba, ta tsallake ruwan, ta sauka a gefen farfajiya ta dama, nesa da tuta. Ba bugun a zo a gani ba ne, ya kuwa ƙarasa ramin da bugu huɗu, ɗaya fiye da ƙa'ida. Da yamma ya kira 'yarsa a waya, bayan gaisuwa ya tambaye ta ko irin sandar nan tana da ƙanwa mai lamba 4, domin akwai wani ƙarfen a jakar da shi ma ya fara yi masa gardama.